Aiki da Godiya

A gaisuwar Hausawa akwai wata tambaya da ake ba ta amsar da ba ita ta nema ba. In aka ce wa mutum, "Ina aiki?" sai ya ce, "Aiki da godiya," ko ya gajarta ya ce, "Da godiya." Halin da aikin yake ciki aka tambaye shi, shi kuwa sai ya faɗi halin da zuciyarsa take ciki game da aikin. Maƙeri yana faɗin haka a bakin wuta gumi na tsiyaya masa, mai faskare yana faɗa da gatari a kafaɗa, malamin makarantar da wata ya yi nisa albashi bai shigo ba shi ma abin da zai ce ke nan. Ɗan kasuwar da tun safe ko kwabo bai kama ba, in aka ce masa "Yaya kasuwa?" zai ce "Mun gode Allah."

Sauran amsoshin gaisuwa ma haka suke tafiya. A tambayi sanyi ko zafi, a ce lokacinsa ne. A tambayi ruwa, a ce ya yi gyara, ko da kuwa daren jiya ya kayar wa mai amsawar da katanga. Majinyacin da ba ya iya ɗaga kai, in aka sunkuya aka ce masa "Yaya jiki?" zai motsa leɓe da ƙyar ya ce "Da sauƙi." Akwai masu ganin duk wannan al'ada ce ta fatar baki, ko ma hanyar ɓoye damuwa, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya ba, domin abin da ake faɗa sau da yawa a yini yakan fita daga baki ba tare da ya bi ta zuciya ba. Sai dai duk wanda ya zauna da Hausawa ya san koke yana nan tafe. In an gama gaisawa, an gyara zama, sai a ji labarin bashi da tsadar taki da ciwon da ya ƙi jin magani. Abin lura shi ne tsarin da aka bi: an fara ambaton abin da ake da shi, sannan aka gangaro kan abin da babu. Mutumin ya kwana ya tashi, yana da aikin da za a tambaye shi a kai, yana da mai tambayarsa. Al'ada ta sa shi ya lissafa waɗannan kafin ya buɗe bakin kuka.

Godiya abu ce mai nauyi a wurin Bahaushe, shi ya sa ba ya barin ta ita kaɗai. In aka yi masa alheri zai ce "Na gode," ya ƙara da "Madalla," ya bi da "Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." Washegari ya sake takowa ya ce ya zo godiya. In alherin ya girma sai ya ga bakinsa shi kaɗai bai isa ba, ya je wurin yayyensa ko abokansa ya ce, "Ku taya ni godiya, wane ya yi mini kaza," su kuwa su ɗunguma su je. In mace ta aika wa ƙawarta da atamfa, yarinyar da ta kawo saƙon ba za ta koma hannu rabbana ba, sai an ba ta tukuici. In kuma babu abin bayarwa, karin magana ya riga ya yi tanadi: yaba kyauta tukuici.

Yabon nan yana da yadda ake yin sa. Wadda aka kawo wa atamfar takan warware turmin, ta shafa da tafin hannu ta ji kaurinsa, ta ɗaga shi wajen haske ta dubi adon da aka buga masa, ta kara a jikinta, sannan ta ƙwala wa maƙwabciya kira ta ce, "Zo ki ga abin arziki." Duk wannan tun kafin a kai wa tela. Ba a iya yaba abin da ba a tsaya an duba ba. Wadda ta karɓa ta cusa a akwati ta ce "an gode" ita ma ta samu atamfa, amma daɗin da waccan ta ji na rabin sa'a ya wuce ta. Godiya tun daga tushenta aikin ido ce da hankali: a tsaya, a dubi abin da ke hannu, a san darajarsa, a tuna ta inda ya fito. Farin cikin da ake dangantawa da masu godiya daga wannan tsayawar yake tasowa.

Kishiyar godiya butulci ne, kuma cikin zagin da ake yi wa mutum kaɗan ne suka kai "butulu" ciwo. Ana kuma cewa mai raina kaɗan ɓarawo ne. Hukuncin yana da tsanani, ga shi mutumin bai taɓa kayan kowa ba, amma an hango inda ya dosa: wanda rabonsa bai cika masa ido ba, idon ya riga ya koma kan rabon wani.

A wancan gefen harshen ya tanadi kalmomi masu yawa, kowace da matsayinta. Akwai so, wanda babu laifi a cikinsa. Akwai sha'awa da marmari, akwai ƙwalama ta mai neman ɗan abin taɓawa. Daga nan sai a gangara zuwa kwaɗayi, a wuce haɗama da zari, a ƙare a handama da babakere, inda mutum zai tare komai ya hana kowa. Buri yana gefe guda, abin yabo ne in yana da iyaka, in ya zarce a kira shi dogon buri. Karin magana kuwa bai raga wa kwaɗayi ba ko kaɗan. An ce shi ne mabuɗin wahala, an ce in da kwaɗayi da wulakanci, an ce ƙuda wajen kwaɗayi yake mutuwa, an ce garin neman ƙiba aka samo rama. Duk waɗannan gargaɗi ne a kan ƙarshen al'amari, wato abin da zai sami mai kwaɗayi in ya je ya dawo. Akwai kuma asarar da take riga wannan zuwa, wadda ba a cika ambata ba, ita ce kwaɗayi yana ɗauke ɗanɗanon abin da ke cikin baki tun ba a haɗiye ba. Mai yiwuwa wannan ake nufi da aka ce son zuciya ɓacin zuciya.

Tatsuniyar Gizo da hankaki ta nuna haka. Ana cikin yunwa, hankaki suka gano wani ɓaure mai 'ya'ya a tsakiyar kogi, suna zuwa suna ci. Gizo ya roƙe su su je da shi, kowane hankaka ya ciro gashi ɗaya ya ba shi, ya haɗa fukafukai, suka tashi tare. Da aka sauka a kan bishiyar, duk ɓauren da wani hankaka ya nufa sai Gizo ya yi tsalle ya ce shi ya riga gani, nasa ne. Da abin ya ishe su, kowa ya zare gashinsa, suka yi tafiyarsu suka bar shi a kan bishiya ruwa ya kewaye shi. Yara sukan riƙe ƙarshen labarin, yadda Gizo ya rasa hanyar komawa gida. Amma tun kafin a zare masa gashi ya riga ya yi asara. Ga mai jin yunwa an kai shi kan bishiyar da ta cika da 'ya'ya, maimakon ya zauna ya ci, hankalinsa duk yana kan ɓauren da wani ya miƙa wa baki.

Marmari ya fi kwaɗayi sauƙi, kuma daga gare shi ake gane yadda abin yake aiki. 'Ya'yan itatuwa kayan marmari ake ce musu. A farkon bazara, in mangwaro ya fara leƙo kasuwa, da tsada ake sayensa, yara suna jifan ɗanye suna ci da gishiri haƙora na mutuwa. Bayan 'yan makonni ya nuna ko'ina, ga shi tire-tire a bakin hanya, ga shi zube a gindin bishiya awaki na tattakawa, mutumin da ya yi ta ɗokinsa ya wuce ko waiwaye ba ya yi. Mangwaron bai lalace ba, na wannan lokacin ma ya fi na farko zaƙi. Abin da ya shiga tsakani shi ne sabo. A rubuce, sabo na abin da bai tsufa ba da sabo na abin da aka daɗe tare kalma ɗaya ce, karin sauti ne kawai ya raba su, kuma a rayuwa ma tazarar da ke tsakaninsu gajeriya ce ƙwarai. Sabo rahama ne ta wata fuska, domin da shi wanda aka yi wa rasuwa yake komawa cin abinci, da shi na kusa da injin niƙa yake samun barci. Shi ne kuma yake shafe daɗin sabon gida da sabuwar mota, har ma da lafiyar da aka roƙa da hawaye a gadon asibiti. Hausawa suna cewa marmari daga nesa, abin da ya matso kusa ya zauna, ido yakan daina ganinsa.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun auna wannan. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa biyu a Amurka suka tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar sayen tikiti, suka kwatanta su da wasu da ke zaune a yankunansu waɗanda ba su ci komai ba. Masu kuɗin ba su fi sauran farin ciki da wani abin a zo a gani ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne da aka tambaye su daɗin da suke ji a ƙananan al'amuran yau da kullum, irin su karin kumallo, hira da aboki, jin abin dariya da sayen tufafi, sai nasu ya gaza na sauran. Mutanen da aka tambaya kaɗan ne, kuma binciken da aka yi daga baya a kan jama'a masu yawa ya nuna kuɗi suna ƙara wa mutum gamsuwa da rayuwarsa, musamman wanda talauci ya danne. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Duk da haka abin da aka gani game da ƙananan abubuwa bai kau ba: babban samu yana iya dusashe ƙaramin daɗi, rayuwa kuwa mafi yawanta da ƙananan abubuwa aka gina ta.

Wani masanin, Kent Berridge na Jami'ar Michigan, ya bi al'amarin har cikin ƙwaƙwalwa. Shi da abokan aikinsa sun rage wa ɓeraye sinadarin da ake kira dofamin, wanda a da ake ɗauka shi ne sinadarin jin daɗi. Ɓerayen suka daina neman abinci, ko an ajiye shi a gabansu ba sa matsawa, sai an ɗura musu. Amma in aka ɗiga musu ruwan sukari a baka sai su lashe leɓe kamar yadda lafiyayyu suke yi. Daɗin yana nan, neman ne ya mutu. Daga nan aka fahimci cewa hanyar da take ingiza rai ya nemi abu daban take da hanyar da take sa shi ya ji daɗin abin, kuma ɗaya tana iya ƙaruwa ɗayar tana raguwa. A wurin wanda shaye-shaye ya kama ake ganin wannan ƙarara: kullum ƙishirwar ƙwayar ƙaruwa take yi, daɗin da yake samu kuwa ja da baya yake yi. Ke nan mai biye wa kwaɗayi da zaton in ya ƙara nema zai ƙara jin daɗi, wata hanya yake ciyarwa, wadda yake buƙata kuma tana nan da yunwarta. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya siffanta ɗan Adam da cewa ko kwari biyu na dukiya ya mallaka zai nemi na uku.

Malaman Musulunci sun yi dogon bayani a kan godiya, kuma daga wurinsu Hausa ta karɓi shukura da hamdala da ƙana'a. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa haƙuri da godiya littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai. A wurinsa godiya ta ƙunshi abu uku: sanin ni'imar da wanda ya bayar da ita, farin cikin da wannan sanin yake haifarwa, da aiki da ni'imar ta hanyar da mai bayarwa yake so. Sani ya sa a gaba, kuma ya lura cewa mutane ba su cika ɗaukar abin da kowa ya samu a matsayin ni'ima ba. Ba a jin mai gode wa Allah saboda iska, sai wanda aka shaƙe sannan aka sake shi. A nan ne ake kawo labarin mai wa'azi Ibnus Sammak da halifa Haruna Rashid. An kawo wa halifa ruwa zai sha, mai wa'azin ya tambaye shi, da za a hana shi wannan ruwan, nawa zai biya ya samu? Ya ce rabin mulkinsa. Da ya sha, ya sake tambayarsa, da ruwan zai ƙi fita daga jikinsa fa? Ya ce sauran rabin. Ƙoƙon ruwa guda ya tashi a kan mulkin Bagadaza gaba ɗaya, kuma talakan da ke ƙofar fada yana shan irinsa kullum kyauta.

Kowace shekara azumi yana maimaita wannan darasi ba tare da wa'azi ba. In ya faɗo a cikin zafin bazara, tun la'asar leɓe ya bushe, magana ta ragu, kowa yana duban rana. A shimfiɗa tabarma, a jera kunu da ƙosai da dabino, a ɗebo ruwa daga randar da ta yini a inuwa. Ana kiran salla mutum ya kai moɗa baki, ya ji sanyin ruwan yana bin maƙogwaro yana sauka har ciki, jijiyoyi suna saki ɗaya bayan ɗaya. "Alhamdu lillahi" da take fita a wannan lokacin daban take da wadda ake yi bayan atishawa. Ruwan kuwa shi ne dai na randar da aka sha wata goma sha ɗaya ba a kula ba. Rashi na 'yan sa'o'i ya wanke sabo, ido ya buɗe. Wanda ya iya riƙe ko da kaɗan daga wannan farkawar bayan salla ya samu hanyar jin daɗin da ba ta buƙatar ƙarin ko kwabo. Alƙur'ani a Suratu Ibrahim ya haɗa godiya da ƙari, malamai kuma sun yi bayanin nau'o'in ƙarin. Ɗaya daga ciki kowa yana iya shaida shi da kansa: abin da aka gode a kansa yakan ƙara girma a idon mai shi.

Wannan hali shi Hausawa suke kira wadar zuci. Wadata a wurinsu tana iya zama a rumbu ko a garke, tana kuma iya zama a ƙirji, kuma an ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ta ƙirjin ita ce ta ainihi. Wani hadisin ya nuna hanyar samunta a aikace, wato mutum ya riƙa duban na ƙasa da shi a harkar duniya, kada ya ɗaga kai ga na sama, don kada ya raina ni'imar da aka yi masa. A da wannan bai yi wuya sosai ba, domin waɗanda mutum yake gani su ne mutanen unguwarsu, masu shi da marasa shi duk a masallaci ɗaya. Yanzu wayar hannu ta juya nasihar. Abin da take nunawa daga safe zuwa dare na sama ne kawai: bikin 'yar wane, jerin akwatunan lefe, ankon da aka ɗinka, ɗakin amarya da aka ɗauka hoto ta kowace kusurwa. Ba a ɗora hoton bashin da aka ci kafin a yi jeren. Sai a ga uba ya sayar da gona, uwa ta shiga adashi uku, an ƙawata ɗaki iya ƙarfi, amarya kuma ta shiga da ɓacin rai saboda na ƙawarta da ta gani a Instagram ya fi nata. Iyayen sun yi asarar gona, ita kuma ta yi asarar murnar da aka sayar da gonar dominta. Wannan abin baƙin ciki ne, kuma ya zama ruwan dare.

A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough suka gwada wata dabara mai sauƙi a kan ɗaliban jami'a. Wasu aka ce su riƙa rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu kuma abubuwa biyar da suka dame su. Bayan mako goma masu lissafin ni'ima sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun kuma fi kyautata zaton abin da ke tafe. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna amfanin yana nan amma matsakaici ne. Hakan bai zama abin mamaki ba, domin lissafin ni'ima ma yana iya komawa fatar baki in hankali ba ya wurin.

Waƙa ta san godiya iri biyu. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da mawaƙan jama'a irin su Mamman Shata, sukan tsaya a tsakiyar waƙa su jero waɗanda suka yi musu alheri: wane ya ba da riga, wane doki, wane mota, wane kujerar Makka. Godiya ce ta gaske, kuma da ita sunayen mutane da yawa suka wanzu bayan dukiyarsu ta ƙare. Sai dai tana da fuska ta biyu da kowa ya sani, wato in an ambaci mai doki a bainar jama'a, wanda bai bayar ba yana ji. Ga maroƙi wannan sana'a ce, ba a zarginsa. Amma in mutumin da ba maroƙi ba ya mayar da godiyarsa hanyar buɗe ƙofar kyauta ta gaba, to ya koma cikin kwaɗayi ta bayan gida, domin bakinsa yana kan abin da aka ba shi, idonsa yana kan wanda ba a ba shi ba tukuna. Gazali ya kawo misalin wanda sarki ya ba doki: wani murnarsa dokin ne kawai, da a daji ya tsince shi ma haka zai ji, wani murnarsa sarki ya tuna da shi, wani kuma murnarsa ya samu abin hawan da zai kai shi kusa da sarkin ya yi masa hidima. Na ƙarshen ya ɗauka a matsayin cikakken mai godiya.

Waƙoƙin wa'azi kuwa ta wata hanya suka ɓullo, suka yi ta rage wa duniya daraja a idon mai sauraro. Suna da dalili. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda wasu abokan jihadi suka karkata ga tara dawaki da tufafi da muƙamai tun yaƙi bai ƙare ba, abin ya dame shi har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar kada ya dawo, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Daga irin wannan tunani kirarin duniya budurwar wawa ya samu gindin zama. Amma gudun duniya da godiya ba abu ɗaya ba ne, ko da yake sukan haɗu a mutum ɗaya. Mai godiya ba ya raina duniya. Furar da aka dama masa tana yi masa daɗi, kuma yana faɗa. Yana jin ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka, yana murna da jikansa, yana son rigarsa mai kyau ranar salla. Bambancinsa da mai kwaɗayi shi ne yana nan a wurin lokacin da daɗin ya zo.

Akwai tuhumar da ake yi wa wannan magana, kuma dole a saurare ta. Ana cewa wa'azin wadar zuci shi ne abin da mai ƙoshi yake karanta wa mai yunwa don ya yi shiru, kuma an sha yin hakan. An sha ce wa ma'aikacin da aka danne wa haƙƙi ya gode Allah yana da aikin ma, an sha ce wa matar da aka ƙuntata wa ta dubi waɗanda ba su da aure. Wannan zalunci ne da aka lulluɓe da nasiha. Godiya tana tsakanin mutum da wanda ya yi masa alheri, ba ta wajaba ga wanda ya ƙwace masa ba. Ba ta kuma hana nema. Bakin da ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala shi ne ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Manomin da ya gode wa Allah a kan damin da ya samu bana, shi ne zai fara kai taki gona tun rani.

In aka duba da kyau ma, wadar zuci ita take ba mutum ƙarfin cewa a'a. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, domin mai guntun gatari ba ya jiran kowa ya gama sara. Ta ƙofar kwaɗayi ake sayen mutane, ko da muƙami ne ko da kwangila ko da 'yan ƙullin taliya ranar zaɓe, wanda kuwa abin hannunsa ya ishe shi yana da wuyar saye. Rayuwar Malam Aminu Kano shaida ce. An haife shi a 1920, ya bar aikin koyarwa a 1950 ya shiga siyasa, ya jagoranci jam'iyyar NEPU, ya shafe shekaru yana gaya wa talakawa cewa haƙuri da zalunci ba ibada ba ne, su tashi su nemi haƙƙinsu. Haraji da jangalin da ya daɗe yana yaƙa, gwamnonin sabuwar jam'iyyarsa ta PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun soke su da suka hau mulki a 1979. Shi kansa kuwa an san shi da fararen tufafi marasa ado da ƙaramar rayuwa, duk da ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Bai yarda talaka ya gamsu da abin da aka rage masa ba, shi kuma ya gamsu da ɗan abin da yake da shi, kuma na biyun ne ya ba shi bakin faɗin na farkon. Ya rasu a watan Afrilun 1983 bai bar wata dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero.